Takardar Ƙafar Baba Arzika

Ranar da na sayi ƙosai a kasuwar Taura aka ƙunsa mini shi a takardar da ni da hannuna na raba wa masu ciwon suga, saura kaɗan in fashe da kuka a gaban mai suyar. Ga hoton ƙafa ya jiƙe sharkaf da mai, ga bayanin kula da ita yaji ya rufe rabinsa. Ni Safina, shekarata shida ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Taura, ban taɓa jin an raina wahalata kamar ranar ba.

Daga Dutse ake aiko mana da takardun, gefe ɗaya Turanci, ɗayan Hausar boko. Tsofaffinmu kuwa babu wanda suka iya a ciki. Su karɓa su yi godiya, kafin su isa gida jikoki sun gama da ita.

Ni kuma in abu ya tsaya mini a rai, zama ba ya yi mini. Ranar Asabar na tafi gida Yalwawa, unguwarmu a Dutse, na tasa mahaifina a gaba. Malamin makarantar allo ne, rubutunsa kamar an ɗab'a. Na roƙe shi ya mayar mini da bayanin cikin ajami. Ya feƙe alƙalami, ya fara da Bismillah a sama, ya ce shi ba ya ɗora alƙalami a takarda babu sunan Allah. Daɗi ya kama ni, don na san babu mai ƙunsa ƙosai a wannan. Na yi kwafi ɗari biyu na koma bakin aiki.

Haka kuwa aka yi. Wata guda ina leƙa tiren masu awara da na masu gyaɗa, ban ga ko ɗaya ba. Har abokan aikina sai da suka gaji da jin labarin dabarata.

Baba Arzika manomi ne, ya haura sittin, suga ya kashe masa tafin ƙafa. Ko allura na tsikara masa sai dai ya yi dariya ya ce, "Kin fara ne, 'yata?" Irin wannan ƙafar ita ke hana ni sukuni, don ƙaramin ciwo kan ruɓe mai shi bai sani ba, daga nan sai yanka.

Wata Litinin ya zo, ni kaɗai ce a bakin aiki, mata masu awo da masu goyo sun cika baranda. Na ba shi ƙwayoyinsa, na ninke takardar gida huɗu don ta shiga aljihunsa.

"Baba, mahaifina ne ya rubuta, malami ne a Dutse. Saboda ƙafarka ce, a riƙe ta da kyau."

Ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka. Bai gama ba na kira ta gaba.

Bayan mako biyu ya kamata ya dawo, bai zo ba. Na ce damina ce, kowa na gona. Mako na uku na fara tashi ina leƙa hanya duk sanda na ji ƙarar babur. Ana cikin haka wata maƙwabciyarsa ta kawo ɗanta rigakafi, na tambaye ta shi.

"Baba Arzika? Ai bana ya ji ƙarfi, Malama. Har takalmin nan ya jefar, haka yake shiga gona. Kwana biyu ne dai ban gan shi ba."

Na bar wa abokiyar aikina sauran layin, na tare ɗan acaɓa.

Na same shi kwance a rumfar tsakar gida, matarsa Inna Gaji tana kore masa ƙuda da mafici. Tun daga bakin zaure warin ya tarbe ni. Ƙafar dama ta kumbura tana sheƙi, babban yatsan ya yi baƙi. Inna Gaji ta ce kututturen geron bara ya taka, bai ma ji ba, sai da ta ga jini a tabarma. A idon sawun kuwa ga wata sabuwar laya ta jar fata, igiyarta ta nutse cikin kumburin.

"Baba, ina takardar da na ba ka?"

Ya nuna layar, har da ɗan murmushinsa. "Ga ta nan. Ranar da kika ba ni ban kwana ba sai da na kai wa baduku ya ɗinke."

"Ba ka karanta ba?"

"Idon nan ya daina ganin baƙi tun bara, 'yata. Na dai gane Bismillah. Kuma rubutun malami, an ninke an ba ka an ce na ƙafa ne, wa zai tsaya tone-tone?"

"To takalmin fa?"

"Laka yake kwasa yana hana ni aiki. Da na ɗaura wannan sai hankalina ya kwanta."

Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan ɗora wa shi. Na ciro almakashi zan yanke igiyar, ya janye ƙafar, ya ce a bar masa abinsa, don ba don ita ba da abin ya fi haka. Na durƙusa na roƙe shi da girman Allah. Da ƙyar ya yarda. Na farke ɗinkin a gabansa, na warware takardar, rubutun mahaifina yana nan raɗau, na karanta da ƙarfi.

Kada ka taka ƙasa babu takalmi, ko a tsakar gida. Kullum a duba maka tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In aka ga ciwo komai ƙanƙantarsa, ka zo asibiti a ranar.

Ban yi minti biyu ba na kai ƙarshe. Inna Gaji ta ajiye maficin. Baba Arzika ya juyo ya dube ni.

"Shi ke nan abin da ke ciki?"

"Shi ke nan, Baba."

"To ai da kin faɗa mini da baki."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar mun samo mota mun kai shi babban asibiti a Dutse. Likita ya ce yatsan ya riga ya tafi, sauran ƙafar kuwa sai an ga yadda za ta karɓi magani. Kwana uku ina zarya tsakanin Yalwawa da asibitin, abinci ba ya shiga mini, in zauna in miƙe. Mahaifina ma da ya ji labari bai iya karantar da ɗalibansa ba ranar.

A rana ta huɗu da safe likita ya kwance bandejin, ya duba, ya ce an tsira da ƙafar. Na fita baranda na yi kukan da na riƙe, na wanke fuska, na dawo.

Baba Arzika ya sa na sake karanta masa takardar a hankali, yana maimaitawa bayana kamar ɗan makaranta, Inna Gaji ma tana tayawa. Da muka gama ya tambaye ni, "'Yata, mutum nawa kika ba irin wannan?"

"Ɗari biyu na yi, Baba. Saura ba su fi talatin ba."

Ya ce, "To ki fara da Lado na bakin rijiya. Tare muka je wurin badukun, kuma mun tarar da layi."

Ban tsaya sallama da kowa ba, na ɗauki jakata na nufi tasha.