Kuncin Gefen Taga

Shekara talatin Baba Direba yana jan motar haya, rana na dukan kuncinsa ɗaya ta taga. Da 'yarsa ta samu aiki a asibitin fata, ta yi ta damunsa har sai da ya zo a duba shi, matarsa na biye.

Likita ta haska masa fitila, ta miƙa masa madubi, ta rufe rabin fuskarsa da takarda. Sai ya ga mutum da sauran ƙuruciyarsa, fata sumul. Da ta mayar da takardar ɗaya gefen, sai ga tsoho tukuf, kunci a yamutse, ga ɗigo-ɗigon baƙi.

"Aikin rana ne, Baba," in ji likitar. "Za mu gyara abin da zai gyaru, amma kullum ka shafa man kariya kafin ka fita."

Baba ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace, ya juya wajen matarsa. "Ashe shi ya sa kike cewa ban tsufa ba! A kujerar gaba kike zama, gefe mai kyau kawai kike kallo."

"Ji mutumin nan! A gida ma cikin mota muke zama?" Matar ta karɓe man daga hannun 'yarta, wadda ta shigo da shi, ta lakato, ta tallabo haɓarsa, ta shiga shafa wa yamutsattsen kuncin a hankali.

"Likita, ki gyara, amma kar ki goge shi duka," ta ce. "Wannan gefen ne ya ciyar da mu."