Fada Yana Hanya

"Ka kira mini Fada."

Dogo ya yi kamar bai ji ba, don ya san limamin cocin Katolika take nufi. Ya gyara robar ƙarin ruwan da ke maƙale a bayan hannun mahaifiyarsa, ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyi tana kuka, ya ce a ransa wata waya ce ta saki a ciki. Sana'arsa ke nan, gyaran wuta. Zafin rana ya cika ɗakin mata na asibitin, warin magani ya gauraya da ƙamshin lemon da ake ɓare wa tsohuwar da ke gadon kusa.

Mama ta damƙe wuyan hannunsa. Bai zaci akwai sauran ƙarfi haka a yatsun nan da suka zama kamar tsinke ba.

"Da kai nake, Dogo. Jikina ya gaya mini. Ina so in faɗi zunubaina, a shafa mini man marasa lafiya."

"Mama, ga ni nan. Mu yi addu'a tare. Ba kya buƙatar wani mutum ya tsaya tsakaninki da Allah."

"Ba gardama na kira ka ba, ɗana. Na gaji. Wannan ɗaya kawai za ka yi mini."

Ya dubi carbinta mai ƙaramin gicciye da ke naɗe a ɗaya hannun, ya kau da kai. "To," ya ce. Ya ɗauki wayarsa ya fita.

* * *

A cocin Katolika aka yi masa baftisma, shi da ƙanwarsa Auta. Yana yaro har kyandir ya riƙe a gaban bagade. Sai da ya tafi koyon sana'a maigidansa ya ja shi cocinsu da ba na Katolika ba, ya ba shi Littafi Mai Tsarki, ya ce ya nemo masa inda aka rubuta a roƙi Maryamu. Dogo ya nema bai samu ba. Ya dawo gida da sabon imani da kuma baki mai kaifi, kuma har ga Allah ceton 'yan gidansu yake nema.

Tun daga nan cin abincin Lahadi a gidan Mama ya koma kotu. Shi ya ce Littafi kaɗai ke da iko, ba Paparoma ba, ba al'adar mutane ba. Auta, wadda malamar makaranta ce kuma ba ta iya haɗiye magana, ta ce to wa ya tattara Littafin ya miƙa muku, in ba Ikilisiya ba? Ya ce kun cusa littattafai bakwai da ba na ciki ba. Ta ce ku dai kuka yage su da rana tsaka. Mama takan zuba wa wannan miya, ta ƙara wa wancan nama, ta ce, "Ku ci mana, zai huce." Ba mai jin ta.

Da mahaifinsu ya rasu aka yi masa Mas, wato addu'ar cocin Katolika, Dogo ya tsaya a waje jikin mota har aka tashi. Auta ta ce masa a gaban dangi wanda ya bar uwa Ikilisiya ba shi da rabo. Shi kuma ya hana 'ya'yansa kwana gidan kakarsu, don ya ga ƙaramar tana yin alamar gicciye kafin ta sa hannu a kwano. Mama dai ta naɗe katifar yaran ta ɗora a kan kabad.

* * *

A barandar asibitin ya tsaya da waya a hannu. In ya kira Auta, wadda ta yi jinya har safe sannan ta wuce makaranta, kafin a jima za ta iso da Fada. Ya hango fuskarta, ya hango yadda za ta dube shi ta gefen ido: ga malamin nazarin Littafi ya aika a kira firist. Ya tuna 'yan ajinsa na coci, waɗanda ya sha gaya wa cewa gaskiya ba ta san uwa ba.

Sai ga wani Fada ya fito daga ɗakin maza, dattijo gajere, takalminsa ya sha ƙura, yana riƙe da 'yar baƙar jaka. Ya zo daidai ƙofar ɗakin mata ya dakata, ya share gumi.

"Sannu da jinya, ɗan'uwa. Ko akwai mai buƙatata a nan ciki?"

Dogo ya waiwaya ya dubi ƙofar. Taku kaɗan ne tsakaninsu da gadon Mama.

"Babu," ya ce.

"To, Allah ya ba su lafiya." Fada ya wuce yana ɗan ɗingishi, ya sauka matakala.

Dogo ya ce wa kansa ya yi daidai. Likita ma ai bai ce yau ba ne. Gobe in Auta ta ga dama ta kawo Fada goma, ba da hannunsa ba.

"Ka same shi?" Mama ta tambaya da ya koma.

"Yana hanya."

Fuskarta ta washe irin yadda bai gani ba tun da ta kwanta. Ta ce ya jiƙa tawul ya goge mata fuska. Ta ce ya ɗaura mata kallabi, ya ja zanen gado ya miƙe, ya tura kwanon tofi ƙarƙashin gado, kada baƙo ya zo ya tarar da ƙazanta. Ya yi duka. Sannan ta ce ya juya ta ta fuskanci ƙofa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Na san ba sauƙi gare ka."

Ya buɗe Littafinsa ya fara karanta mata. Tana ji, amma duk wanda ya turo ƙofa sai idonta ya tashi. Nas ce. Mai shara ce. Wani ne da kular abinci.

"Ya daɗe," ta ce can.

"Cunkoson motoci ne, Mama."

Sau biyu yana zaro waya, sau biyu yana mayarwa, domin yanzu in ya kira sai ya faɗi abin da ya hana shi kira tun farko. Rana ta yi sanyi, inuwar taga ta hau bango. Numfashinta ya fara sarƙewa, ya ruga ya kira nas. Kafin likita ya iso ta cika, idonta a kan ƙofa.

Auta ta shigo da alli a gefen zanenta, ta faɗa kan gawar tana kiran Mama. Da kukan ya lafa ta ɗago.

"Yaya, ta ce wani abu? Ta nemi wani abu?"

"Addu'a muka yi," ya ce. "Ta tafi cikin salama."

Tsohuwar gadon kusa ta juyo ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

* * *

Wurin shirya jana'iza dangi suka rabu biyu a tsakar gida, kowane ɓangare da kujerunsa. Mutanen Auta suka ce ba wanda ba ɗan Katolika ba da zai yi magana a coci. Mutanen Dogo suka ce ɗan fari ne, gawa tasa ce. Kowa ya gyara zama yana jiran ya tashi da ayoyinsa.

"A yi yadda Auta ta ce," ya faɗa a hankali.

Matarsa ta taɓa shi. "Lafiya kuwa?"

Da aka shiga coci ya ga wanda zai yi Mas ɗin, sai ya gane shi nan take. Gajeren dattijon nan ne mai ɗingishi. Aka yi karatu daga ɗaya cikin littattafan da Dogo ya shekara yana cewa ba na ciki ba ne, bai ji ko kalma ɗaya ba.

A bakin kabari Fada ya zo yi musu ta'aziyya. Auta ta riƙe hannunsa tana kuka.

"Fada, abin da ke cin raina, ta tafi ba a shafa mata mai ba. Laifina ne. Da ban tafi makaranta ba..."

"Wace rana ce? Wane asibiti?"

Ta faɗa masa. Fada ya saki hannunta. Ya juyo ya ɗaga kai ya dubi Dogo, Dogo kuwa ya ga lokacin da ya gane shi. Ya jira a tona. Wani sashe na zuciyarsa har roƙo yake a tona.

"'Yata," Fada ya ce, "jinƙan Allah ba a cikin jakata yake ba. Ki daina ɗora wa kanki." Ya miƙa wa Dogo hannu. "Sannu da haƙuri."

Da yamma Auta ta same shi a ɗakin Mama, ta durƙusa a gabansa, abin da ta daina yi tun da suka fara gardama.

"Yaya, na gode da ka tsaya mata. Duk abin da na taɓa faɗa maka, ka yafe mini."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Ya dubi idanunta da suka kumbura, ya ga wannan ne karo na farko cikin shekaru da ta kira shi Yaya da zuciya ɗaya.

"Ba komai," ya ce. "Tashi."

* * *

Da ya koma coci bayan zaman makoki, darasin da ke kan layi a ajinsa shi ne dalilin da ya sa ba a yi wa matattu addu'a. Fasto ya ce in bai shirya ba wani ya karɓa. Ya ce ya shirya.

Ya koyar kamar yadda ya saba, aya bayan aya, ba gargada. Ya nuna musu cewa wanda ya mutu an rufe shafinsa, ba roƙon da zai ƙara masa, ba saƙon da zai kai gare shi. 'Yan aji suna rubutu suna gyaɗa kai. Wani dattijo ya riƙe kafaɗarsa ya ce, "Ko a cikin makoki ba ka karkace ba. Irinku muke nema."

Aka watse. Dogo ya zauna a kujerar roba ta tsakiya, ya haɗa hannuwa, ya sunkuyar da kai. Yana so ya roƙa wa Mama wani abu, ko ya gaya mata wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Ya laluba duk abin da ya sani, bai sami ta inda zai fara ba.

Mai gadin coci ya shigo yana tattara kujeru, yana ɗora ɗaya kan ɗaya a jikin bango. Ya kwashe na gaba, ya kwashe na baya, ya kwashe na dama da hagu. Da ya rage saura ta Dogo, ya ga mutum yana addu'a, sai ya tsaya a gefe da makulli a hannu, yana jira ya gama.