Agogon Ƙirjin Lelya Tsonka

"Ajiye cokalin nan, Lelya!"

Da wannan na banko ƙyauren gidanta, ko gaisuwa babu, takardu a hannuna, ina haki don da gudu na taho daga makaranta. Lelya Tsonka (Lelya a wajenmu kamar a ce inna ne) tana zaune a dakalin ƙofar ɗaki inda rana ke faɗowa da hantsi, kwano a cinya. Ta dube ni, ta dubi cokalin, sannan ta kai shi baki a hankali, da gayya.

"Ka ga Malama Zornitsa," ta ce. "Ta gama da 'yan aji, ta zo ta yi wa tsofaffi jarrabawa."

Da Cico Metodi take magana, wato Kawu Metodi, maƙwabcinmu na hagu, tsohon makanikin tarakta. Yana tsugune a gindin famfo yana wanke wani sabon kwandon kopriva, ganyen daji da muke miya da shi, ya sa safar hannu ta roba har gwiwar hannu saboda ƙaiƙayin ganyen.

"Lafiya kike gudu haka?" ya ce. "Ko magajin gari ne ya amsa wasiƙarki? In haka ne bari in zauna, kar in faɗi."

"Tun yaushe kike shan wannan miyar?" na tambaye ta.

"Tun shigowar babban azumin Ista. Mako biyar ke nan. Safe da yamma."

"Ni nake yanko mata," Cico Metodi ya ce, yana ɗaga kwandon da alfahari. "Daga bakin rafi, sabon toho. Ba abin da ke sabunta jini kamarsa. Uwarki ma da shi ta girma, ga shi ta haifi mai baki."

Jini. Shi ne dai abin da ke rubuce a takardar da ke hannuna.

A kakar bara ne Ginka, 'yar Lelya Tsonka da ke aikin jinyar tsofaffi a Italiya, ta aiko aka tafi da uwarta. Ƙofar nan ta cikin zuciya da likitoci ke ce wa bawul ta lalace, a nan kuma ana ta ɗaga mata rana. Mace da ba ta taɓa kwana a wajen gundumarmu ba ta hau jirgin sama da jaka ɗaya da kwalbar zuma don likita. Aka yi aiki, aka sa mata bawul na ƙarfe. Likitocin suka so ta zauna wata uku a kusa da su. Ta yi mako shida ta ce akuyarta na kuka, kabarin mijinta kuma ba mai kunna masa kyandir. Ta dawo a Disamba da buhun magani da umarni biyu: ta riƙa shan ƙwayar tsinka jini kullum, a kuma riƙa auna jinin duk mako biyu, sannan ta koma a duba ta a Maris.

Ta kuma dawo da ƙara. In ɗaki ya yi tsit, sai ka ji bawul ɗin yana bugawa a ƙirjinta, cas, cas, cas, kamar agogon hannu. Mata suka yi ta zuwa saurare. Cico Metodi kuwa kullum da safe sai ya leƙo ta saman shinge da agogonsa a hannu.

"Tsonka, ƙarfe nawa a wajenki? Nawa ya makara."

"Tafi can, tsohon banza. Nawa na Italiya ne, ba ya tafiya da na gwangwani."

Ƙwayar ba ta taɓa tsallake ta ba. Awon jini ne matsalar. Ɗakin shan maganin ƙauyenmu shekara shida ke nan a rufe, kaji ke kwana a barandarsa. Motar gari sau ɗaya take zuwa, da sassafe, ta dawo da yamma, in ta ga dama. Lelya Tsonka ta je sau biyu, ta wuni a kan benci cikin sanyi, sai dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Da hanya ta buɗe ta ce ba komai. Maris ya zo, Ginka ta yi waya tana kuka a kan komawa, uwar ta ce ba komai, sai bayan Ista.

Ba komai! Na tsani kalmar nan. Da ita aka rufe mana ɗakin magani, da ita aka rage motar gari, da ita rufin makaranta ke yoyo a kan yara goma sha ɗaya da suka rage. Na rubuta wasiƙu tara a kan motar nan kaɗai. Na bi gida gida ina neman sa hannu, ina yi wa mutane faɗa a ƙofar gidajensu. Amma ga abin da ban taɓa faɗa a taro ba: tun Janairu Lelya Tsonka ta miƙo mini takardun asibitin ta saman shinge, don ni kaɗai ce na ɗan karanta harshen Italiya a jami'a. "In kin samu sarari ki duba mini abin da suka rubuta." Na ce to. Na sa su a durowar teburina a makaranta, ƙarƙashin kofen wasiƙuna. Sai safiyar ranar, ina neman alli, hannuna ya taɓo su.

"Ku saurara," na ce, na buɗe shafi na uku. "Sun ce ganye, irin su alayyahu da kabeji da duk danginsu, yana rage wa ƙwayar nan ƙarfi. Kar ki ƙara yawansa farat ɗaya. In kin ƙara, a auna jinin nan take, in ba haka ba zai iya daskarewa a kan ƙarfen."

"Ganye?" Lelya Tsonka ta yi dariya, dariyar ta koma tari. "Da nama suka ce da na yarda. Fadan cocinmu da kansa ya ce mara lafiya ba azumi a kansa, na ce masa ai azumin ne maganin. Ba mai, ba nama, ba cuku. Wane likita zai ƙi wannan?"

"Turawan can ba su san kopriva ba," Cico Metodi ya ce. "Sun rubuta sunanta a ciki?"

"Ba su rubuta ba."

"To kin gani."

"Don ba su san akwai mutanen da za su yi mako bakwai na azumi suna cin ta safe da yamma ba! Lelya, dubi ƙafarki. Yaushe ta kumbura haka? Jiya ina kallonki ta taga, sau uku kika tsaya tsakanin ɗaki da garken akuya."

"Azumi ne, da tsufa. Ba komai."

"Kar ki sake ce mini ba komai!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Matar da ta goye ni lokacin da mahaifiyata ke masaƙa. Ta ajiye kwanon a hankali. Tsakar gidan ya yi tsit, sai ɗigar famfo.

A cikin shirun nan ne na lura. Na matsa, na durƙusa a gabanta, na kara kunnena kusa da rigarta. Akwai bugu, amma can ƙasa, a dushe, kamar an nannaɗe agogo a cikin bargo.

"Cico, zo ka ji."

Ya cire safar hannun, ya zo ya sunkuya. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana gane ciwon inji da kunne. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe, ba wasa a fuskarsa.

"Tsonka, ɗauko mayafinki. Zan fito da mota."

"Akuyar fa?"

"Akuya ta ci gidansu. Tashi."

Tsohuwar motarsa ta kai mu gari cikin awa ɗaya da rabi. A asibitin gunduma wata matashiyar likita ta auna jinin, ta duba lambar, ta sake dubawa, ta tambayi yaushe aka auna na ƙarshe. Da na faɗa mata, ta yi mini wani kallo, na gwammace ta zage ni. Aka ɗauki hoton zuciya. Gudan jini ya riƙe ƙarfen, gefe ɗaya ba ya buɗewa. Likitar ta ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Sofiya, babban birni. Na kira Ginka, Ginka ta haɗa ni da likitan da ya yi aikin. Da guntun harshen da na koya na ji yana cewa da a nan take da yanzu tana ɗakin tiyata, amma kar a kuskura a sa ta a jirgi. Mutumin da ya san cikin zuciyar nan yana bayan teku. Motar asibiti mai kayan aiki kuwa guda ɗaya ce, ta fita da wani, sai gobe da safe.

Na yi ihu a barandar asibitin har mai gadi ya zo. Ihun bai dawo da motar ba.

Washegari da safe muka kama hanya, ni a gefenta, ma'aikacin jinya a wajen kanta. An sa mata robar iska a hanci. Ta tagar baya ana ganin itatuwan bakin hanya sun yi fari fat da fure. Ta yafito ni da yatsa.

"Malama."

"Na'am, Lelya."

"Kin yi shiru. Ba kyau a kanki."

"Laifina ne. Wata uku takardun suna durowata."

"Ni ma wata uku ƙafafuna suna jikina, ban je ba." Ta huta, ta ja numfashi. "Ba wannan ba. Metodi. Zai tambaye ki."

"Me zan ce masa?"

"Kullum da sassafe yake gangarawa rafi, da gwiwar nan tasa. Tun da Stamen ya rasu ba wanda ya yi mini haka." Stamen mijinta ne. "In ya tambaye ki ko ganyensa ne, ki ce masa ba komai."

"Lelya, kin san ba na faɗin kalmar nan."

"Na sani. Shi ya sa zai yarda."

Ta rufe ido. Na riƙe hannunta, mai kaushi, da tabon ƙaiƙayin kopriva a bayan yatsu. Ƙarar injin mota ta hana ni jin komai daga ƙirjinta, don haka ban san daidai lokacin da ta cika ba. Na dai ga ma'aikacin jinyar ya miƙe da sauri, ya buga wa direba gilashi, motar ta gangara gefen titi. Allon da ke gabanmu ya ce saura kilomita sittin da biyu.

Ginka ta iso ranar da aka binne ta, da jakar da ta haɗa wa uwarta don komawar Maris, silifas sababbi a ciki. Aka raba dafaffiyar alkama a bakin kabari, kamar yadda muka saba. Aka manna takardar rasuwa da hotonta a ƙyauren gida. A wajen cin abinci, da yake azumi ne, wake aka dafa, da miyar kopriva. Mata suna sha suna cewa kwananta ne ya ƙare, aikin Turai ma bai hana ba, ai da ma ƙarfe a zuciya ba abin arziki ba ne. Na miƙe tsaye. Akwai mutum biyu a teburin nan da ke shan irin ƙwayarta. Na karanta musu shafi na uku daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, na ce ranar Talata ni zan nemo mota a kai su awon jini, wanda ya ce mini ba komai kuwa zan kwana a ƙofar gidansa. Ba wanda ya yi dariya. Sai da na zauna na ga kujerar Cico Metodi ba kowa, ya fice ina tsakiyar karatu.

Na same shi a tsakar gidanta yana ba akuyar ruwa. Bai juyo ba.

"Zornitsa."

Bai taɓa kirana da sunana ba tun da na fara koyarwa.

"Na'am, Cico."

"Mako biyar. Kwando guda kullum." Ya ajiye bokitin. "Faɗa mini gaskiya, ke ba kya ɓoye-ɓoye. Ni ne?"

Saƙonta yana bakina. Kalma biyu ne kacal, kuma na yi mata shiru a mota, wanda a wajenta alkawari ne. Amma ya riga ya ji ni a teburi. Ni da kaina na rufe wannan ƙofar.

"Takardar da ta hana ganyen tana durowata tun Janairu, Cico. Kai ba ka iya karanta ta ba. Ni na iya."

Ya juyo ya dube ni.

"Ta yi maganata a hanya?"

"Ta ce tun da Cico Stamen ya rasu ba wanda ya kula da ita kamarka. Ta kuma ce in ce maka ba komai."

Ya ɗan yi wani sauti a maƙogwaro, ban san ko dariya ba ce.

"Ita ce ta ce, ko ke?"

"Ita ce."

"Da ma na sani." Ya goge hanci da bayan hannu. "Talata ƙarfe nawa? Motata na ɗaukar mutum huɗu."

Na faɗa masa. Ya duba agogonsa, ya kara shi a kunne kamar yadda ya saba yi kafin ya leƙa ta shinge, sannan ya cire shi ya sa a aljihu. Ya ja igiyar akuyar suka fita.

Safar hannunsa tana nan inda ya ajiye ta ranar, a kan bakin famfo, yatsun a buɗe. Kusa da ita kwandon da bai gama wankewa ba, ganyen ya yi yaushi ya kwanta, famfon yana ɗiga a kansa ɗaya bayan ɗaya.