Yatsa Biyu a Bakin Farfela

Jirgin saman da Sagiru ya ƙera yana ɗaure a jikin tsamiyar bayan gidansu a Aujara, kamar akuyar da ta yi ɓarna. Tsakanin igiyar da wutsiyarsa akwai sikelin rataye da ya aro wurin masu awon riɗi. Idan farfela ta ja jirgin gaba, allurar sikelin za ta nuna ƙarfin jan. Ya ɗiga jan fenti a inda yake so ta kai. In ba ta taɓa wurin ba, jirgi ba zai rabu da ƙasa ba.

Tun da ya bar makaranta ya koyi walda a Dutse, bai taɓa daɗewa a kan abu guda ba sai wannan. Zaɓen inji ne ya fi ba shi wahala. Injin niƙa yana da ƙarfi, amma sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Na babur kuwa sai an haɗa da giya da sarƙa, nauyi a kan nauyi. Ƙarshe ya lallaɓi mahaifinsa ya ara masa injin ban ruwa, da sharaɗin ranar dashen albasa zai koma fadama. Yau ake dashen.

Farfelar kuwa, Kawu Arzika ne ya sassaƙa ta, ƙanen mahaifiyarsa mai sana'ar turmi, daga busasshen maɗaci guda da ya rage masa. Sagiru ne ya nace a yi ta doguwa, don a wayarsa ya ga doguwa ta fi kwasar iska.

Ya ja igiyar tayarwa. Injin ya yi gurnani ya fesa baƙin hayaƙi, farfelar ta fi ƙarfinsa. Allura ta hau rabi ta tsaya tana rawa.

Ya kashe, ya ɗauko zarto, ya yanke faɗin yatsa daga kowane baki. Ya rataya farfelar a ƙusa har ta daina rinjaya, ya mayar. Muryar injin ta ɗan washe, allura ta matsa. Ya sake yankewa, ta sake matsawa. Zama ya gagare shi. Yana zagaya tsamiyar, yana leƙen hanyar fadama, yana dawowa.

Yayarsa Ikilima, wadda tun safe take jiran iska da ƙwaryar geron da ta sussuka, ta zo ta tsaya bayan wutsiyar tana shiƙa. Ta ce in ya tashi ya gaishe mata da mutanen unguwar Takur a Dutse, kuma da ya rage cin tuwo da jirgin ya huta. Bai ko kalle ta ba.

Bayan azahar abin da ya rage tsakanin allura da jan fenti bai wuce faɗin farce ba. Kawu Arzika, da ke zaune a kan wani turmin da bai gama ba, ya ce ko a bar injin ya huce, a wanke fulogi a gani.

A lokacin ne Sagiru ya ji ƙugin amalanken mahaifinsa daga nesa. Ya ɗora yatsu biyu a bakin farfelar ya ja layi da gawayi.

"Ɗan nan, abin da ka yanke ba ni da yadda zan mayar maka," in ji kawun.

"Kawu, ga Baba nan."

Zarto ya ci. Da ya tayar, injin ya yi wata irin ƙara mai kaifi da bai taɓa yi ba, har awaki suka watse. Sagiru ya ruga wurin sikeli. Allurar ta hau, ta yi jim, sannan ta zame baya, ƙasa da inda ta tsaya ɗazu. Farfelar ta gajarce, gudu kawai take yi, ba ta kama komai.

Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Ya taɓa injin ya ji zafi, ya jira ya huce, suka ɗora shi a amalanke tare. Ikilima ta ɗauki ƙwaryarta, gero fes, ta tambaya yaushe za a sake tayarwa, don akwai sauran dawa.

Sagiru ya tsinci guntayen katakon, ya kara ɗaya a bakin farfelar, ya saki, guntun ya faɗi. Ya daɗe yana kallon gidansu.

"Kawu," ya ce, "ƙyauren zaurenmu, wane itace ne?"