Akurki Mai Taya

Tayar hagu ce ta cije a bakin ƙofar gidan. Baba Gafaru ya ja da baya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya sake danna akurkin da ƙirji. Zabin da ke ciki suka ɗauki kuka gaba ɗaya, kajin suka taya su, har matar da ke wanki a tsakar gida ta toshe kunne da hannu mai kumfa. Da ƙyar da jiɓin goshi abin ya faɗa lungu. A bayansa kuwa 'yan dako sun riga sun fara juye yashi a ɗan filin da akurkin ya bari.

Ba za a ce ba a gaya masa ba, tsakani da Allah. Muftahu, ɗan marigayi mai gidan, tun da ya dawo daga Jamus yake cewa zai gina ɗakuna a tsakar gidan. Ya faɗa cikin ladabi, ya sake faɗa har da durƙuso. Ɗakin da Gafaru ke haya ba mai taɓa shi, amma tsuntsaye kam sai a nema musu wani wurin. Gafaru ya yi ta cewa to, to, a ransa yana ganin cika bakin 'yan Turai ne, masu gina bene da baki su hau jirgi su koma. Sai ga shi yau da sassafe maza sun yi jerin gwano a lungu da kwanonin yashi a ka.

Akurkin nan kuwa ba na wasa ba ne. Gafaru tsohon makanike ne, a Abossey Okai ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, har gwiwa ta ce ta gaji. Da katakon akwatunan kayan mota ya haɗa shi, ya kewaye da ragar waya, ya rufa masa murfin injin wata matacciyar motar haya, trotro, ya sa tayoyin baro. Ƙasansa a buɗe yake, don tsuntsu ya yi tono ya ci ƙwaro. Kowace safiya sai ya tura shi gaba kaɗan, wurin jiya ya huta. Abin da ya sa ya zauna lafiya shekara da shekaru, filin gidan shi kaɗai ya rage a layinsu da ba a shafe shi da siminti ba. Yau da za a fita titi, falankai ya zura ta ƙasa cikin gaggawa ya ɗaɗɗaure da waya.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ko bai duba ba ya san Sharifa ce, 'yarsa da ke aure a can unguwar Malam. Tun rasuwar uwarta take binsa da magiya ya komo wurinta, ga ɗaki, ga fili a bayan gida. Shi ko ya rantse ba inda za shi. A nan unguwar Nima aka yanke masa cibiya, a nan abokan hirarsa suke, kuma da wane ido zai zauna yana miƙa hannu a kwanon suruki? Ya bar wayar ta gaji don kanta.

Lungunan Nima ba don akurki aka yi su ba. Yana turawa yana cewa "Ago, ago," wato a ba da hanya, mata na janye murhu, masu babur na zaginsa da yaren Twi, gefen ragar na kartar bango. Nufinsa bayan masallacinsu, inda akwai 'yar kwana da ake jingine makara. Na'ibin liman ya saurare shi da kyau, ya leƙa akurkin, zabin kuwa kamar an aiko su suka ɓarke da kuka. Na'ibi ya jira su yi shiru, ba su yi ba. A ƙarshe da ƙarfi ya yi maganar, ya ce in kaji ne kawai da sauƙi, amma waɗannan bayin Allah in suka fara, ko sahun farko ba zai ji kabbarar liman ba. Gafaru ya ce ai su ma tasbihi suke yi. Na'ibi ya yi dariya, amma bai ba da wurin ba.

Ya miƙa unguwar Maamobi, rana ta fara cizo. Hajiya Tani mai koko tana da ɗan sarari bayan rumfarta, kuma ƙawar marigayiya matarsa ce, ya tabbata ba za ta iya haɗa ido da shi ta ce a'a ba. Ashe za ta iya. Ta ce ya rufa mata asiri, ranar da masu duba-gari suka ga kashin kaji kusa da tukunyar koko, ranar za ta kwashe kofunanta. Ta zuba masa koko mai zafi, ta haɗa da ƙosai, ta ce ya zauna ya huta. Ina zama! A tsaye ya kurɓa, idonsa na kan titi, yana lissafa gidajen da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Wannan an yi bene, wancan an mai da tsakar gidan shaguna, na Alhaji wane magada sun raba har wurin shanya. Abin ya ba shi tsoro, don bai taɓa lura garin ya cike haka ba.

Wayar ta sake ƙara. Ya danne ta ta cikin aljihu.

Azahar ta same shi a bakin babbar gota mai kwashe ruwan unguwa, inda abokinsa Issifu ke gasa nama. Tare suka yi makarantar allo, tare suka sha bulala, saboda haka ba kunya tsakaninsu. Issifu ya goge hannu a riga, ya zagaya akurkin yana auna zabin da ido irin na mahauta, ya ce wuri dai ba shi da shi, amma yana da mafita. Ya sauke masa su duka a nan, kafin magariba an huta.

"Gafaru, ka tsufa kana tura gidan kaji a titi, yara na dariya. Sabo da kaza ba ya hana yanka."

"Kai da sabo ba ya hana ka komai. Da za a sayi ƙafarka da ka gasa ta."

Gafaru ya fizgi akurkin cikin fushi ya nufi 'yar gadar katako da ke kan gotar, wai zai gwada wani kafinta a tsallake. Fushi kuwa ba ya tuƙi. Tayar hagu ta zame tsakanin katako biyu, akurkin ya karkace, waya ta tsinke, falanki ɗaya ya sulluɓe ya faɗa cikin baƙin ruwan. Issifu ne ya yi tsalle ya tare kafar da falankin ya bari da murfin tukunya, amma kafin nan babbar zabuwar ta fice. Ita ce uwar garken, ƙwanta kajin ke kwanci a kai duk damina. Ta tsaya a bakin gadar ta karkata kai, sannan ta buɗe fiffike ta haye rufin kwano, daga wannan ta faɗa wancan, ta ɓace.

Suka ja akurkin baya, Gafaru ya ce wa Issifu in ya dawo ya tarar gashi ɗaya ya ragu, su haɗu a lahira. Mutane na ta nuna masa gabas da yamma, wannan ya ce ta yi kasuwa, wancan ya ce ta yi titi. Bai bi ta kansu ba. Ya san zabo, ya kuma san inda ta nufa. Ya kama hanyar gida yana ɗingishi, gwiwar na sara kamar ana buga ƙusa.

A can ya same ta. An riga an haƙa ramukan harsashi, an ja igiyoyi, bulo ya yi tsibi inda kaskon ruwansu yake. Zabuwar na ta safa da marwa a bakin ramin, ta je daidai inda akurkin ya kwana jiya ta tsaya, ta yi kuka, ta juyo, ta sake komawa. Wani lebura ya ɗaga shebur zai make ta, Muftahu ya daka masa tsawa, ya ce kowa ya ajiye abin hannunsa.

Gafaru ya tsuguna a kan yashin da ƙyar. Ya ciro gero daga aljihu, ya watsa kaɗan, yana ɗan kiran da yake musu da harshe kullum safe. Ta daɗe tana kewaya shi kafin ta matso. Da ya cafke ta ya rungume, sai ya ji zuciyarta na bugawa a tafinsa, tausayinta ya kama shi har idonsa ya cika. Muftahu ya matso yana sosa ƙeya, ya fara ba da haƙuri. Gafaru ya ce ba komai, gidan ubansa ne, Allah ya sa albarka a ginin. Da gaske yake, amma bai iya ɗaga kai ya dube shi ba.

Wayar ta yi ƙara, wannan karon ya ɗauka. Hajiya Tani ta riga ta kira Sharifa ta zayyana mata komai, har kokon da ya sha a tsaye. Ya shirya jin magiyar da ya saba, ya ma tanadi amsa. Amma muryarta a sanyaye ta fito.

"Baba, na daina roƙonka. Ka zauna a Nimarka, na ga a nan ranka yake. Tsuntsayen kawai a ɗoro su a babur ɗin kaya, aboboya, a kawo mini, ga fili nan yana zaman banza."

Abin da yake so ke nan, an miƙo masa a faranti. Ya tambaye ta wa zai duba su, tunda ita da mijin duk sammako suke yi zuwa kasuwa. Ta ce ai ba wuya, kafin su fita za a buɗe musu su yi kiwo, da yamma su shiga da kansu.

"A buɗe musu?" Ya miƙe tsaye bai ma ji gwiwar ba. "Sharifa, zabo ne fa, ba agwagwa ba. Ranar da kika buɗe, ranar za su kama hanyar nan, mota ta bi ta kansu a titin Winneba. Rufe su ake yi, makonni, ana matsar da akurkin kaɗan-kaɗan, hannun da suka sani yana ba su abinci, har su yarda nan ne gida."

"To ni ina na ga hannun da suka sani, Baba?"

Gafaru ya dubi hannun nasa. Yana jin hayaniyar kasuwa ta cikin wayar, leburori kuma sun zuba masa ido suna jiran ya kauce su ci gaba. Zabuwar ta lafe a hammatarsa.

"Har yaushe suke ɗauka kafin su manta?" in ji ta daga baya.

"Wani ya yi saurin mantawa. Wani kuwa sai dai ya haƙura."

Ya kashe wayar ya shiga ɗakinsa. Bai daɗe ba ya fito da jaka a kafaɗa, da buta, da darduma a naɗe, ya ja ƙofar ya sa kwado. Matar mai wanki ta tambaye shi ko tafiya ce, ya ce rakiya ce kawai.

Ya koma wurin Issifu, bayan la'asar aka samu mai aboboya, babur mai ƙafa uku da akwala a baya. Majiya ƙarfi suka ɗaga akurkin suka ɗora, Gafaru ya bi kowace kusurwa ya ɗaure da kansa, ya mai da zabuwar cikin 'yan'uwanta. Issifu ya dubi jakar, ya dubi butar, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ya naɗe nama mai zafi a takarda ya cusa masa a aljihu, ya ce na saniya ne, kada ya yi masa sharri. Gafaru ya hau ya zauna a gefen akurkin, ya zura yatsu cikin ragar ya riƙe.

Direban ya tayar da injin, ya waiwayo yana gyara hula.

"Baba, in mun sauke kayan in jira ka mu dawo tare? Gara mu fito kafin cunkoson yamma."

Gafaru ya waiwayi hanyar lungunsu, inda ya baro 'yan dako na ta shiga da bulo a ka. Ya gyara zaman jakar a cinyarsa.

"A'a, ɗana. In ka sauke mu, ka kama gabanka."