Dodon da Ya Sauka a Kwanar Jinga

Kabarin matata Sakinatu yana kusurwar makabarta ta can ƙasa, inda wurin ya fi gangara. Ba ni na zaɓa ba, ranar da ta rasu nan layi ya kai. Bayan kabarin katanga ce, bayan katangar jinga, wato tudun buhunan yashi da jar ƙasa da mutanen unguwarmu suke ɗagawa duk damina. Bayan jingar kuma kogin Haɗejiya. A Satumbar da nake magana kogin ya cika har wanda ya zauna a kan jinga ƙafarsa tana cikin ruwa. Daidai bayan kusurwar nan jingar ta yi kwana, kuma a kwana ruwa yake duka. In ta ɓalle a nan, Sakinatu ce farkon wadda zai tarar.

Tun da na bar koyarwa aka sa ni a kwamitin makabarta, saboda an lura kullum ina can kuma babu mai tambayata inda na je. Mabuɗin ƙaramar ƙofar baya, mai kallon jinga, a aljihuna yake kwana.

'Yata Zaituna ta zo daga Dutse ranar Juma'a. A ɗakin gwajin jini take aiki, ba ta cika zuwa gida ba. Ta kawo mini zuma, ta share ɗakin littattafai, ta mayar da kowane littafi inda ba nan yake ba. Na ɗauka kewata ce ta kawo ta. Mutum ya kai shekaruna, ya karanta abin da na karanta, kwalbar zuma ta ruɗe shi.

Ranar Asabar bayan azahar ina cikin makabarta ina cire ciyawa, na ji ƙarar babura ta kan jinga. Jinga ba hanya ba ce. Ko mai ɗaukar buhu a hankali yake taka ta. Na buɗe ƙofar baya na leƙa, na ga mutane maƙil a kan kwanar, wasu kuma suna ta hawowa daga bakin titi, kowa da waya a hannu ya ɗaga ta sama kamar mai neman sabis.

Ƙanin matata Mala shi ne shugaban masu aikin jinga. Na same shi a gindinta da shebur, wuyansa duk jijiya.

"Malam, ka fito daga cikin takardunka? Zo ka karanta mini wannan."

"Su wane ne?"

"Mafarauta ne wai. Daga Guri, daga Birniwa, har da motar Kano. Dodo suka zo kamawa."

Na san wasan, don na sha ganin Zaituna a kansa. Wani kamfani a wata ƙasa ya zuba dodanni a kan taswirar duniya, mutum ya bi titi da wayarsa yana kamawa yana tarawa. Ƙananan suna ko'ina, a tasha, a bakin kasuwa. Amma akwai babba guda da ba ya fitowa sai jefi-jefi, a wuri ɗaya, na ɗan lokaci, kuma mutum ɗaya ba ya iya shi sai an yi masa taron dangi. Suna ce masa Mai Ƙaho Bakwai. A labarin wasan, wai shi ya haƙa kogunan duniya da jelarsa. Na karanta dodannin Girkawa da na Farisawa da namu, ban taɓa cin karo da wanda yake sanar da ranar zuwansa kamar ɗan siyasa ba.

Mala ya nuna mini gindin jingar. Ƙasar ta yi baƙi, ruwa yana tsattsafowa tsakanin buhuna, siriri, mai launin koko.

"Da safe fari yake fitowa," in ji shi. "Yanzu ya fara ɗebo ƙasa. Na yi magana, na yi zagi. Na aika a kira samarinmu da sanduna."

"Ka kore su da sanda a kan wannan? In suka ruga gaba ɗaya, kai da kanka ka ɓalla ta."

"To ka hau ka yi musu lacca. Ai ka saba magana babu mai ji."

Na hau. Ƙasar tana motsi a ƙarƙashin takalmina kamar katifa. Babu yaro ko ɗaya a cikinsu. Magidanta ne da samari masu gemu, akwai mai rigar banki, akwai wanda na koyar da ubansa. Aka nuna mini jagoransu, wani dogo mai tabarau, sunansa Khalid. Ya gaishe ni har da rusunawa, idonsa a kan waya.

"Baba, a yi mana haƙuri. Kafin la'asar zai ɓace, mu ma mu ɓace."

"Jingar ba za ta kai la'asar ba."

"Wallahi ba ma tsalle, ba ma gudu. Tsayuwa kawai."

"Tsayuwar ce matsalar. Ku koma bakin titi ku kama abinku."

"Ba ya kamuwa daga can, Baba. Sai mutum yana cikin da'ira."

Wani daga baya ya ce, "Khalid, ka ba Baba waya ya gwada, ƙila shi ma ya kamu." Aka yi dariya. A cikin dariyar na ji wata murya da na sani. Na waiwaya, na ga Zaituna can ƙarshen kwanar, a bakin ruwa, da shuɗin mayafi, ita kaɗai mace. Ta ɓoye wayar a bayanta kamar 'yar firamare.

Na kau da kai. Na ce wa Khalid ya nuna mini da'irar.

Ya miƙo wayar. Ga dodon nan, shuɗi, dogo kamar gaiwa, yana nannaɗe a sararin sama a kan kogi, ƙahoninsa suna walƙiya. A ƙarƙashinsa an zana da'ira. Rabinta a ruwa take. Jingar ta ratsa tsakiyarta kamar zare. Ɗaya rabin ya faɗa kan wani koren fili marar suna, har an zana masa 'yan bishiyoyi. Wanda ya yi taswirar daga sama ya hango, ya ga fili da inuwa, ya ɗauka wurin shan iska ne. Makabarta ce.

"Wanda ya tsaya a nan," na ɗora yatsa a kan koren, "zai kama?"

Khalid ya duba, ya dubi katangar, ya gane. "Zai kama. Amma Baba, ai ba zai yiwu ba."

A lokacin wani buhu ya sulale daga gefen jingar ya faɗa kogi. Babu ƙara sosai. Waɗanda suke kusa suka matsa, matsawar tasu ta tura na gabansu, wani babur ya kwanta. Na ji ƙasar ta ɗan nutse da ni.

Na sauko na nufi ƙofar. Mala ya sha gabana.

"Ina za ka?"

"Zan shigar da su."

"Ina?" Ya dubi mabuɗin da ke hannuna. "A kan Yaya? Su tsaya a kan Yaya suna buga wasa?"

"Ko su tsaya a gefenta da ƙafa, ko kogi ya kwanta a kanta. Zaɓi ɗaya, ni na zaɓa."

"Me za ka ce wa liman? Me za ka ce wa mai unguwa?"

"Abin da na saba ce musu. Ba sa ganewa, su ƙyale ni."

Bai matsa ba, ni na kewaye shi. Na wangale ƙofar na tsaya a bakinta, na ɗaga muryar da na yi shekaru ban yi amfani da ita ba. Na ce duk mai son dodonsa ya sauko ta nan, ɗaya bayan ɗaya, a bar babura inda suke. Na ce a kashe sautin waya. Na ce wanda ya taka kabari, ni zan jefa wayarsa a kogi.

Da farko babu wanda ya motsa. Sun fi tsoron ƙofar nan a kan ruwan da ke bayansu. Sai Khalid ya sauko. A bakin ƙofar ya tsaya, ya cire takalmi ya riƙe, ya yi wa mazauna kaburbura sallama a hankali, ya shiga. Ban ce kowa ya yi haka ba. Amma na biyu ya yi, na uku ma, kowa da takalmi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Suka bi 'yan hanyoyin da ke tsakanin kaburbura suka jeru, kai a sunkuye, babu mai tari. Wanda ya leƙo ta katanga zai rantse wani babban malami ake binnewa.

Suna sauka, Mala da mutanensa suna hawa da buhuna. Ban ƙirga ba, amma an daɗe, kuma duk wanda ya sauko sai ya zaftaro ƙasa da dunduniyarsa. Ruwan da ke tsattsafowa ya daina zama zare, ya zama kamar bakin buta. Ya taru a gindin katangar ta waje, ya samu wata kafa, ya fara shiga.

Da na ɗaga kai, saura mutum ɗaya a kan kwanar. Zaituna.

"Sauko," na ce.

"Zan koma ta titi, Baba."

Ta juya ta ga abin da na riga na gani. Tsakaninta da titi, inda babur ɗin ya kwanta, gefen jingar ya zaftare, saura tudu mai faɗin tafin ƙafa, ruwa yana lasarsa. Mala yana can gefe yana jefa buhu, ya ɗago.

"Zaituna, kada ki taka nan. Tsaya inda kike."

"Inda take ma tsagewa yake," in ji ɗaya daga cikin mutanensa.

Gaskiya ne. Wata tsaga ta buɗe a bayan ƙafarta, tana bin tsawon jingar.

"Sauko ta nan," na sake cewa.

"Baba, makabarta ce."

"Na sani. A nan nake wuni."

"Mata ba sa shiga."

Haka ne a wurinmu. Ranar da aka ɗauki uwarta, a zaure aka tare ta, ta bi makarar da ido har kwanar lungu. Tun ranar ba ta matso ko bakin ƙofar gaba ba. Tana da digiri, tana tuƙa mota, ta tsaya ita kaɗai a cikin maza a kan jinga don dodon waya, amma wannan ƙofar ta gagare ta. Mazan da ke ciki duk sun ɗago kai suna kallo, kuma na ga a fuskar wasu cewa sun yarda da ita.

"Kawu," ta ce da Mala, "in tsallako ka riƙe ni?"

"In kika tsallako, ni da ke duk mun tafi Guri ta ruwa." Ya share fuska da hannun riga. Bai dube ni ba. "Bi ubanki. Zunubin a kansa, ya saba."

Ta sauko da baya, tana dafa buhuna, ƙasa tana bin ƙafarta. Na riƙe hannunta a mataki na ƙarshe. Sanyi ƙalau. A bakin ƙofar ta cire takalmi, ta buɗe baki, ba ta san abin da ake cewa ba. Na faɗa, ta maimaita. Muka shiga.

Ruwan ya riga mu. Ya bi gindin katanga ya nufi kusurwa, yana tura busassun ganyen darbejiya a gabansa. Na durƙusa na fara tara ƙasa da hannu a gaban kabarin. Mutum nawa ne a wurin, duk suna ganina. Zan so in rubuta cewa sun ajiye wayoyi sun taho. Huɗu ko biyar ne suka taho, Khalid ba ya ciki. Suka karɓi buhuna ta kan katanga daga mutanen Mala suka toshe kafar. Sauran suna ta dangwalar gilashi da yatsa, shiru, da ladabi.

Zaituna tana tsaye a kaina.

"Wannan ne?"

"Wannan ne."

Babu suna a jiki, ba ma rubutawa. Tudun ƙasa ne da fasasshen tulu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ina kanta yake?"

Na nuna mata kudu. Ta zaga ta wajen ƙafafu, inda ruwan ya fi matsowa, ta naɗe mayafinta a ƙugu ta durƙusa cikin caɓi, ta fara turo ƙasa da hannu biyu. Muka haɗa ɗan tudu, ni daga nan, ita daga can. Ruwan ya zo ya jingina da shi. Ya ci gefe, muka ƙara. Ya sake ci, muka sake ƙarawa. Daga kan jinga ina jin Mala yana kiran buhu, buhu, yana zagin wani mai suna Ari.

Can sai na ga hannaye sun tashi sama a ko'ina cikin makabartar, a dunƙule, babu sauti. Sun kama. Wani ya rungume na kusa da shi, ya tuna inda yake, ya sake shi. Aka kira la'asar. Suka fita ta ƙofar gaba a layi, da takalmansu a hannu.

Mala ya leƙo ta kan katanga, laka har gira.

"Jingar ta tsaya," ya ce. "Yau dai." Ya dubi kabarin, ya dubi 'yar yayarsa a durƙushe. "Ruwan ya taɓa Yaya?"

Na shafa gefen tudun. Wajen ƙafafu ya jiƙe kamar faɗin tafin hannu, amma bai lotsa ba. Sauran a bushe yake.

"Ƙafa kawai," na ce.

"Gobe za mu ƙara layi biyu a kwanar. Kai kuma ka shirya abin da za ka faɗa wa liman, labari ya riga ka isa."

Na miƙe da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara. Na ce wa Zaituna ta tashi mu tafi kafin masu dawowa daga masallaci su cika hanya. Ta ce in ba ta minti kaɗan. Na je na rufe ƙofar baya, na zauna a gindin darbejiya na juya mata baya, ina kallon kafar da aka toshe ko za ta sake zuba.