Ƙulli na Tara

"Wallahi na'urar nan ƙarya take yi," in ji Sakinatu, tana kwance, cikinta sharkaf da man nan mai sanyi da ake shafawa kafin hoto.

Likitan ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan allo, ya ja layi daga wannan kan ƙashin cinyar jaririn zuwa wancan, ya danna, lamba ta fito. Sai ya juya ga mijinta Sharfuddeen, ya ce masa da Larabci ciki ya cika har yana neman wucewa, gobe da safe za a yi aiki a ciro yaro.

Kai, Sakinatu ba macen da za a koya wa lissafin cikinta ba ce. Haihuwa uku ta yi a ƙauyensu na bakin kogi, hayin garin Suki, ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure ba. Tun kakarta haka suke yi: da jini ya ɗauke, sai a sami igiya, duk jinjirin watan da ya tsaya a ƙulla ƙulli ɗaya. Ta zaro tata daga gefen zane, ta ɗaga sama.

"Takwas ne, Abu Raihana," ta ce wa mijinta, "ƙidaya da hannunka. Sai Rajab ya tsaya zan yi na tara. Yaron nan bai nuna ba."

Likitan ya yi 'yar dariya. "Ku Fallata ke nan. Na'urar da aka kawo daga Turai za ku yi wa gardama da igiya?"

Kalmar nan ta raini, da Larabawan ƙasar ke kiran irin su da ita, ita ta gama da Sharfuddeen. Tun yana yaro yake shan ta, a makaranta, a kasuwa, a layin rabon ruwan gona, kullum da dariya a bayanta. Ya rantse a ransa ba wanda zai sake kiransa baƙauye. Ya fizge igiyar ya tura aljihu.

* * *

A cikin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, kan hanyar gidan ƙanwarsa inda za su kwana, ba ta fasa ba.

"Dubi ƙafafunka har sun tokare bayan direba. Dubi nawa. Ɗanmu da gajeriyar cinya zai zo? Abin nan cinya ya auna, ni kuwa ni na ɗauki cikin."

"Ke kin fi daktor sani?"

"A kan wannan kam, na fi shi."

Suka wuce gadar ruwa. Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "To, in ya wuce lokaci ya mutu a ciki, Sakina, alhakinsa a wuyanki."

Ta tabbata da lissafinta kamar yadda ta tabbata da sunanta, amma wace uwa ce za a ɗora wa wannan magana ta ci gaba da ja? Ta dafa cikin, yaron ya harba ta da ƙafa. Washegari ta hau gadon aiki da kanta, ba wanda ya riƙe ta.

* * *

Namiji ne, dogo, siriri, fatarsa ja, ƙirjinsa na lotsawa duk numfashin da ya ja. Kukansa ma da ƙyar ake ji. Asibitin da ya ciro shi kuwa ashe ba shi da kwalbar saka jarirai, sai suka ce a garzaya babban asibitin birnin Sinnar.

A can wata likita mai suna Hanaa ta karɓe shi. Ta duba tafin ƙafarsa, ta lanƙwasa kunnensa, kunnen ya ƙi komawa.

"Wa ya ce cikin nan ya isa haihuwa?"

"Na'ura," in ji Sharfuddeen.

"Sau nawa aka yi hoton?"

"Sau ɗaya, shekaranjiya."

Ta girgiza kai. Ta ce awon ƙarshen ciki yana iya kuskure da makonni, balle ga ma'aunin da ke cikin irin waɗannan na'urori, wanda a kan 'ya'yan wasu mutane can aka gwada shi. Yaro mai dogon ƙashi sai ta ƙara masa kwanakin da bai yi ba. "Ba wanda ya tambayi uwar?"

Sharfuddeen ya sunkuyar da kai. Sakinatu na kan benci, hannunta kan ɗinki. Ta so ta ji daɗin an gaskata ta, ta nemi daɗin ta rasa.

Yaron bai kai ranar suna ba.

* * *

Da magariba aka ga watan Rajab, siriri a saman itatuwan bakin kogi. Yara na ta ihu a titi. Raihana, babbar 'yarsu, ta shigo da gudu, "Inna, ya tsaya!" Sai ta tuna, ta kama bakinta.

Sakinatu na zaune bakin ɗaki, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Sharfuddeen ya dawo daga masallaci, ya tsaya a kanta ya daɗe. Can ya sa hannu aljihu, ya ciro igiyar, ya ajiye mata a cinya.

Ta ɗaga kai ta dubi watan. Ta bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har takwas, sannan ta ƙulla na tara, ta ja shi tamau.

"Yanzu ne ya kamata in fara shiri," ta ce.